"Likita, a wanke masa jinin mana"

Goggo ce ta fara lura. Kwana shida da haihuwar matar ƙanena a unguwar Lokuwa da ke Mubi, ana ta hidimar suna, an kawo rago an ɗaure, mata na daka a tsakar gida, sai Goggo ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan nan, tun jiya yarinyar nan ba ta zaga ba. Fitsari ko ɗigo." Kwana uku ke nan mai jegon tana zazzaɓi. An karɓo mata allurar maleriya a kemis, an ce ai wankan jego zai warware mata jiki. Da na leƙa ɗakin na tarar tana numfashi sama-sama, hannunta sanyi ƙalau alhali goshinta kamar garwashi, tana kiran sunan mahaifinta da ya rasu shekara goma.

A asibitin da muka fara kai ta aka ɗaura mata ruwa, aka yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Washegari sakamakon gwaji ya fito, likita ya ce cuta ta shiga jini daga mahaifa, ƙoda kuma ta tsaya, sai mu nufi Yola. Wanda ya san hanyar nan ya san ta: Mararraba, Hong, Gombi, Song, Girei, kilomita wajen 200, da mara lafiya kwance a kujerar baya, ledar ruwa na rataye a ƙugiyar mota tana lilo.

A can na fara ganin injin da idona. Tsayinsa bai wuce firiji ba. An sa mata bututu a jijiyar wuya mai baki biyu. Jini ya fito ta ɗaya, ja mai duhu, ya bi siririyar roba, wani famfo mai juyawa yana matsa shi gaba, ya shiga wata 'yar gora mai tsawon kamu ɗaya da rabi, ya fito ya koma jikinta ta ɗaya bakin. Awa huɗu ana haka. Bayan wanki na uku, da asuba, sai ga ruwa rawaya-rawaya ya fara taruwa a ledar da ke rataye ƙarƙashin gado. Goggo ta manta a asibiti take, ta rangaɗa guɗa. Ban taɓa ganin an yi wa fitsari guɗa ba sai ranar. Yau yaron da aka haifa yana makaranta, uwarsa kuma ba ta sake komawa kan inji ba.

Labarin ya zaga unguwa, kuma shi ya jawo na biyu. Wani maƙwabcinmu dillalin shanu, wanda duk Tike an san shi, ya daɗe yana fama da abin da gida ake kira shawara. An sha saiwa, an sha sassaƙe. Idanunsa suka koma kamar an shafa gangamau, ciki ya kumbura, ƙafafu suka haye. Daga baya ya koma barci da rana, surutai da dare, in ya miƙa hannu sai ka ga tafin yana kaɗawa kamar fiffike. Da aka kai shi asibiti, babban ɗansa ya tare likita a baranda ya ce, "Likita, a wanke masa jinin mana, kamar yadda aka yi wa matar gidan su wane. Ko shanu nawa ne za mu sayar." Likitan ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, da ƙoda ce da na rubuta muku takarda yanzu. Hanta ce." Ɗan bai gamsu ba. Har bayan sadakar bakwai yana cewa an ƙi taimakonsu ne.

Ba a ƙi ba. Amma tambayarsa tambaya ce ta mai hankali, kuma manyan likitocin duniya sun shafe shekaru suna yi wa kansu ita: tunda inji na iya cire dattin da ƙoda ta kasa fitarwa, me zai hana ya cire gubar da hanta ta kasa sarrafawa, ko wadda ke yawo a jinin wanda cuta ta mamaye?

Abin da ke cikin 'yar gorar

A cikin gorar nan akwai zaruruwa wajen dubu goma, kowanne siriri kamar gashi, kowanne kuma da rami a tsakiyarsa. Jini na bi ta cikin ramin, wani tsabtataccen ruwa mai gishiri daidai gwargwado yana bi ta waje. Bangon zaren yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai. Duk macen da ta taɓa tace gasara ta san dabarar: mai laushi ya wuce, dusa ta tsaya. Ƙananan abubuwa irin su yuriya da fotasiyam da ruwan da ya yi yawa suna tsallakawa su bi ruwan wanki su tafi, ƙwayoyin jini da manyan sinadarai su tsaya. Aikin ƙoda kusan duk tacewa ne, shi ya sa inji ya iya kwaikwayonta.

Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya fara haɗa irin wannan inji a garin Kampen a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, da ledar da ake ɗura nama a ciki da wani gangan katako mai juyawa. Majinyatansa na farko, fiye da goma, duk sun mutu. Sai a 1945 wata mata mai shekara 67 ta farfaɗo ta rayu. A Najeriya an buɗe sashen wankin ƙoda na farko a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 1981. Asibitin Malam Aminu Kano ya yi dashen ƙodarsa na farko a 2002, na Jami'ar Maiduguri a 2010.

Hanta ba kamar ƙoda take ba. Je ka wurin mahauci ka ɗaga ta ka ji nauyi. Ta mutum ta kai kilo ɗaya da rabi. Ita ce ke ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare in an yanke, ita ke ƙera albumin mai riƙe ruwa a cikin jijiya, ita ke ajiye sukari ta sake shi lokacin azumi, ita ke narka magani, ita ke mayar da amoniya abin da ƙoda za ta iya zubarwa. Idan ta gaza, amoniya ta hau kai, shi ne surutan da maƙwabcinmu ke yi da dare. Inji na iya rage wani abu daga cikin gubar, amma ba ya ƙera komai.

Ko gubar ma ba duka yake kamawa ba. Da yawa daga cikinta, kamar bilirubin mai sa ido rawaya da sinadaran matsarmama, ba sa yawo su kaɗai a jini. Maƙalewa suke yi a jikin albumin kamar kaska a jikin saniya, albumin kuwa ya fi ƙarfin ƙofofin zaren. Kana iya wanke saniya da ruwa tun safe har yamma, kaska na nan.

A farkon shekarun 1990 wasu likitoci biyu a Jami'ar Rostock ta Jamus, Jan Stange da Steffen Mitzner, suka fito da dabara: a zuba albumin mai tsabta a cikin ruwan wankin, domin gubar ta saki albumin ɗin majinyaci ta tsallaka ta kama sabon, sannan a bi da shi ta cikin gawayi da wani ƙaro na musamman a tsabtace shi ya sake zagayowa. Injin shi ake kira MARS. Wani kamfanin ya fito da nasa mai suna Prometheus. Kuma lallai suna aiki ta fuskar da ido ke gani: rawayar ido na raguwa, ƙaiƙayi na lafawa, wanda ya rikice yakan dawo hayyacinsa ya gane iyalinsa.

Sai aka zo gwajin da ba ya ƙarya, wato a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a sa musu inji, rabi a ba su kulawar da aka saba, a ƙirga waɗanda suka rayu. Gwajin Prometheus da aka wallafa a 2012 ya ƙunshi mutum 145. Na MARS da ya fito a 2013 ya ƙunshi 189 a asibitocin Turai. Duka biyun a kan masu tsohon ciwon hanta ne da ya rikice farat ɗaya, irin na dillalin nan namu. Duka biyun ba su nuna cewa inji ya ƙara yawan masu rayuwa ba. A asibitocin da ke amfani da su yau, gada ake ɗaukar su: a riƙe mutum kwanaki kafin a samu hantar da za a dasa masa, ko kafin tasa ta farfaɗo. Gada kuwa sai da tsallake. Ɗan Najeriyar da ke neman dashen hanta Indiya ko Masar yake nufa, da kuɗin da garke guda ba lallai ya biya ba.

Akwai inda aka samu haske. Hanta na da wata baiwa da sauran kayan ciki ba su da ita: tana tsirowa. Idan lafiyayyar hanta ce guba ko ƙwayar cuta ta buge ta dare ɗaya, aka kuma riƙe mai ita da rai na 'yan kwanaki, tana iya gyara kanta. A nan ne musayar ruwan jini ta yi tasiri. Ana raba jinin ne, a zubar da ruwansa mai ɗauke da gubar da albumin ɗin gaba ɗaya, a mayar da ƙwayoyin tare da ruwan jinin da lafiyayyu suka bayar, wanda ya zo da sinadaran daskarewar da hantar ta daina ƙerawa. Wani gwaji da Fin Stolze Larsen na Kofanhegan ya jagoranta, aka wallafa a 2016, ya duba mutum 182: kashi 58.7 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa musayar sun fita asibiti da rai, a ɗaya ɓangaren kashi 47.8. Sai dai lita 8 zuwa 12 ake musanyawa kowace rana har kwana uku, sama da leda 30 a yini. Wanda ya taɓa zagaya dangi da abokai yana neman leda biyu don mai naƙuda ya san ma'anar wannan lissafi. Likitocin Vellore a kudancin Indiya sun rage adadin sosai ga waɗanda suka sha maganin ɓera mai lalata hanta, kuma sun ba da rahoton sakamako mai ƙarfafa gwiwa. In akwai abin da manyan asibitocin koyarwarmu za su koya daga wannan fage, ina ganin a nan yake.

Idan cuta ta shiga jini

Abin da ya kama matar ƙanena likitoci na kiransa sefsis. Ba cuta ɗaya ba ce. Yana iya farawa daga mahaifa bayan haihuwa, daga cibiyar jariri, daga huhu, daga hanjin da taifot ya huda, daga gyambon mai ciwon sukari. Jiki ya tashi yaƙi da ƙwayar cuta, sai yaƙin ya wuce gona da iri: jijiyoyi su saki, awon jini ya faɗi, ƙoda da huhu da hanta da ƙwaƙwalwa su fara gazawa ɗaya bayan ɗaya. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 48.9 suka kamu a duniya, miliyan 11 suka mutu, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar, kuma nauyin ya fi yawa a Afirka kudu da Sahara. A shekarar 2017 ɗin ne ma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa.

Tunanin masu inji a nan shi ne, tunda gubar ƙwayoyin cuta da sinadaran da jiki ke fitarwa ne ke hura wutar, a bi da jinin ta cikin abin da zai tsotse su. Japan ta fara amfani da Toraymyxin tun 1994, gora ce mai zaren da aka shafa wa wani maganin da ke kama gubar. Turai ta ba CytoSorb izini a 2011, shi kuma ƙananan duwatsun roba ne masu tsotsa. Wani ƙaramin gwajin Toraymyxin a Italiya a 2009, mai mutum 64, ya sa an yi murna. Da aka maimaita da mutum 450 a Amurka da Kanada, sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna bambanci a yawan mace-mace ba. Ƙa'idojin kula da sefsis na duniya da aka sabunta a 2021 sun ba da shawarar kada a riƙa amfani da wannan gora. Ana ci gaba da bincike ko akwai wani rukunin majinyata da za ta amfana, amma ga wani abin dubawa: abin da ke tsotse guba yakan tsotse har da maganin da aka ɗura wa majinyaci.

Saboda haka ba inji ne ya kashe cutar da ke jinin mai jegonmu ba. Allurar da aka fara yi mata a Mubi, da ruwan da aka ɗaura, da wanke mahaifar da aka yi, su suka yi wannan. Inji ya riƙe wa ƙoda aikinta ne na mako guda har ta huta ta tashi. Da mun kai ta tun ranar da zazzaɓin ya fara, mai yiwuwa da ba a je Yola ba sam. Kwana ukun da muka ɓata tsakanin kemis da "bari mu gani zuwa gobe" su suka fi komai tsada, kuma ni ma ina cikin masu cewa a bari.

A nan ne nake ganin mutanenmu sun yi wa wankin ƙoda mummunar fahimta ta fuska biyu. Wasu na ganin sa maganin kowace cuta, kamar ɗan dillali. Wasu kuma da sun ji an ambace shi sai su ce a mayar da mara lafiya gida, wai wanda ya hau inji ba ya sauka. Wannan magana ta samo asali ne daga masu tsohon ciwon ƙoda, irin wanda ya addabi Gashuwa da kewayenta a Yobe, waɗanda ƙodarsu ta mutu murus, sai wanki sau biyu ko uku a mako har ƙarshen rai ko dashe. Amma ƙodar da ta tsaya farat ɗaya saboda zubar jini wajen haihuwa, ko maleriya mai tsanani, ko saran maciji, ko amai da gudawa, sau da yawa tana dawowa. Wanki uku ko biyar ne tsakanin mai ita da kabari. Asibitin Irrua a jihar Edo ya ceci masu zazzaɓin Lassa da dama ta wannan hanya.

Mubi ta san irin wannan hali. A watan Mayun 2018 kwalara ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ɗaruruwa suka kwanta, aka buɗe cibiyar kula da su a babban asibitin garin. Abin da ke kashe ƙoda a kwalara ƙarewar ruwan jiki ne, maganinsa kuwa ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa a kan lokaci. Kafin nan, a ƙarshen Oktoban 2014, Boko Haram ta kama garin, ma'aikatan lafiya suka watse tare da kowa, wasu ta Sahuda zuwa Kamaru, wasu zuwa Yola. An ƙwato garin a Nuwamba, amma gina ma'aikata ya fi gina bango ɗaukar lokaci. Garin da ke karɓar marasa lafiya daga Maiha da Michika da Madagali da Uba, har da na tsallaken iyaka, bai kamata lissafinsa ya tsaya a kan hanyar Yola ba.

Sai dai inji ba a sauke shi a yanke kyalle a tafi. Wanki ɗaya na awa huɗu na shan tataccen ruwa lita 120, ban da wanda na'urar tacewa ke zubarwa, kuma ruwan rijiyar burtsatse ba ya shiga sai an bi da shi ta matakai. Wuta ba za ta ɗauke ba ko na minti kaɗan, in ba haka ba jini ya daskare a cikin roba. Gora da robobi sabbi ake sa wa kowane majinyaci, daga waje ake shigo da su, da dala. Ana bukatar nas da ta ƙware, da mai gyara, da ɗakin gwajin da zai auna fotasiyam da tsakar dare. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na koyarwa na Maiduguri da cibiyar lafiya ta tarayya da ke Azare. Abin a yaba ne. Amma daga Mubi zuwa Maiduguri ta Gwoza da Bama hanya ce da aka daɗe ana jin tsoronta, asibitin kansa kuma ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta yi masa ɓarna mai yawa.

Ga yara ƙanana ma akwai hanyar da ba ta bukatar inji: a sa bututu a ciki, a zuba ruwan wanki, tantanin cikin ya yi aikin tacewa, a zubar a sake. Asibitin Mbingo a Kamaru ya yi shekaru yana ceton masu ƙodar da ta tsaya da wannan dabara, da ruwan da suke haɗawa da kansu.

Dillalinmu kuwa, abin da zai cece shi ya wuce shi da shekara ashirin. Gwaji ya nuna ciwon hanta nau'in B ne, wanda akasari ake ɗauka tun ana jariri ko ana yaro, daga uwa, ko daga askar wanzami da reza ɗaya da ta zaga kawuna goma. Yana zaune shiru a jiki yana cin hanta har sai ta ƙeƙashe. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da shi. Gwajinsa ɗigon jini ne daga yatsa. Wanda likita ya ga yana bukata, ƙwaya ɗaya ce a rana, tenofobir, take danne cutar. Ga kuma abubuwan da ke ƙara wa hantar da ta raunana nauyi, duk muna ganin su kullum: gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu, farasitamol da ake haɗiya uku-uku ba lissafi, da jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da lasifika ranar kasuwa, ba wanda ya san abin da ke cikin jarkar. Masu juna biyu kuma suna da nasu haɗarin, nau'in E da ke bin gurɓataccen ruwa, wanda ya yi ɓarna a Diffa da Ngala a 2017.

Bayan rasuwar, likitan ya roƙi 'ya'yan su zo a gwada su. Cikin su bakwai, uku ne suka je. An samu biyu da cutar, har da babban, wanda ya yi maganar sayar da shanu. Yana shan maganinsa yanzu, kuma da matarsa ta haihu bara shi da kansa ya ɗauki jaririn zuwa asibitin sha-ka-tafi tun kafin a yi masa wankan farko. Allurar rigakafin wannan cuta tana cikin jerin alluran yara na ƙasa tun 2004, kyauta ake yin ta, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, ba ranar suna ba.